Safar da Aka Ɗaura wa Na'urar Hayaƙi

Na'urar hayaƙin da ke manne a silin kicin ɗin ɗalibai ba ta da kunya ko kaɗan. Albasa kawai za ka jefa a mai, sai ta tsala ihu, maƙwabta su leƙo, mai kula da gidan ya hauro yana huci, yana faɗin baƙin nan ba su iya girki ba. Doguwa, wadda ta fi kowa daɗewa a ƙasar wajen da suke karatu, ita ta gano maganinta. Sai ta taka kujera ta rufe ta da safa, in an sauke tukunya ta cire.

Ranar Talata ta makara lacca. Ta fizgo safar Auta, sabuwar ɗalibar da suke ɗaki ɗaya, daga igiyar shanya, ta ɗaura, ta soya ƙwai a gurguje, ta fice, ta manta ba ta cire ba. Da rana Auta ta ɗora tukunya ta kishingiɗa, barci ya sace ta. Hayaƙi ya cika gidan, na'ura ko tari. Sai da aka ɓalle ƙofa aka ciro Auta.

Yanzu ga Doguwa a gefen gadon asibiti, kunya da nadama sun hana ta haɗa ido da yarinyar. Mai kula da gidan ya riga ya faɗa cewa duk wanda ya taɓa na'urar zai tattara kayansa, kuma maganar za ta kai ofishin ɗaliban waje. Ga safa kuwa kowa ya san mai ita.

Uwar Auta ta kira Doguwa daga gida tana kuka. "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ke ce uwarta a can."

Doguwa ta ce amin. Tana kashe wayar ta miƙe ta ɗauki jaka.

"Yaya, ina za ki?" Auta ta tambaya, muryarta a dishe.

"Ofis. Akwai maganar da zan faɗa musu."

"Zauna. Sun zo da safe, na ce ni ce."

"Ke kin san ba ke ba ce!"

"Na sani mana, ina kwance ina kallon ki kika ɗauka. Amma ke jarrabawar ƙarshe kike, ni ko yanzu na fara. In an kore ni, kya sama min wani ɗakin." Ta yi tari mai tsawo, har hawaye ya zubo mata. "Don Allah miƙo min ruwa."

Doguwa ta zuba ruwan, rabinsa a ƙasa.