Hannun Mai Fura

Adama ta miƙo ƙwarya a dama mata fura ke nan sai idonta ya sauka kan hannun Ummuhani, ya yi jawur, duk ƙuraje masu ruwa. Ta janye ƙwaryar a hankali.

"Af, na manta ina azumi," in ji ta, ga goro a bakinta.

Ummuhani ta ja mayafi ta rufe hannun. Shekaru tana sayar da fura a kasuwar Makarfi, ba a taɓa yi mata haka ba.

Asalin abin 'yar ƙuna ce, tukunyar gero ta lashe ta. Mijinta Ya'u, don tausayi, ya sayo mata man fanisilin wurin Maiwada ɗan koli, wanda ke rantsuwa irinsa Turawa ke shafawa. Da ta shafa, sai ƙaiƙayi, sai kumburi.

"Madalla!" in ji Maiwada da Ya'u ya koma. "Cutar ce ke fitowa. Maganin da bai tayar da ciwo ba ai ruwa ne. A lafta da yawa, a ɗaure da tsumma."

Ya'u da kansa yake lafta mata, yana hura wurin da baki, yana cewa sannu. Ƙurajen suka haura har gwiwar hannu. A bakin rijiya aka fara raɗa: kuturta.

* * *

A asibitin En'e na Ikara, malamin asibiti ya kwance tsumman, ya shinshina.

"Baiwar Allah, ba kuturta ba ce. Jikinki ne ba ya son man nan. Wani ya shafa ya warke, wani ya shafa ya zame masa wuta. Wa ya ce ki ƙara?"

Ya'u ya sunkuyar da kai.

* * *

Kafin kaka hannun ya warke sumul. Ummuhani ta koma gindin tsamiyar da take sayar da fura, ta bar hannuwan a fili bisa faifai, don mai ido ya gani. Mata na gaishe ta daga nesa, gaisuwa doguwa har da tambayar yara, sannan su wuce wurin wata mai furar.

Da azahar Ya'u ya baro gona, ya tsuguna gabanta a tsakiyar kasuwa.

"Mai fura, dama mini!" ya ce da ƙarfi.

Ya shanye, ya sa ta dama wata. Babu wanda ya waiwayo.

"Malam, cikinka zai ɓaci," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ya share baki, ya sake miƙo ƙwaryar.