Motar da Ke Jin "To"

Ƙanwata, Auta, ita ta koya wa motar magana, ni kuma direban gwaji ne a kamfanin, saboda haka komai a kan idona ya faru.

Motar 'yar madaidaiciya ce mai aiki da lantarki. Ba ta kai jif girma ba, ta kuma fi ƙaramar mota tsayin ƙafa, ta tsaya tsakani kamar jemage. Batirinta shimfiɗe yake a ƙarƙashin ƙafar fasinja, inda ake sa inji kuwa ɗan akwatin kaya ne. Ba hayaƙi, ba ƙara. Kyanwa muke ce mata, don ta sha tsayawa a bayan mai shara bai sani ba sai ya ga inuwa.

Damuwarmu ɗaya ce, Maigida, mai kamfanin. Duk abin da ka kai masa sai ya shafa gemu ya ce, "To." Alhali "to" iri-iri ce. Akwai ta yarda, akwai ta "ma gani", akwai ta "tashi ka ba ni wuri". Tasa ba mai iya karanta ta. Mun kai masa zane, ya ce to. Mun kai masa motar a tsaye, ya ce to. Muka ce a fara ƙera ta da yawa don kasuwa, ya ce to. Sai muka dawo muka zauna jiran amsa, kowa na gudun ya zama zakaran gwajin dafi.

Ana nan sai labari ya iso cewa Maigida ya gaji. Zai zo ya shiga motar da kansa, in ba ta burge shi ba a rufe sashenmu. Auta ta daina cin abinci. Wannan ne aikinta na farko, kuma tun tana ƙarama take kwance rediyon Baba don ta ga mai maganar da ke ciki. Wallahi ta ba ni tausayi.

Tsarin da ta yi mai kyau ne. Motar ba ta yin komai da ka, sai ta tambaya, ta jira izini.

"Da wace kalma ake ba ta izinin?" na tambaye ta a gareji.

"Wadda ta fi gajarta mana, Yaya. To."

Na ce madalla. Kan nan nawa, da ake cewa na babban wa ne, ko gezau bai yi ba.

Ranar gwaji Maigida ya zauna a gaba kusa da ni, Auta a baya tana murɗa bakin mayafi. Muka fara zagaya fili a hankali. Sai wata murya mai taushi ta fito daga allon gaba.

"Barka da zuwa. In gyara maka kujera?"

Maigida ya shafa gemu. "To."

Kujera ta zame baya sumul. Ya zaro ido.

"In buɗe rufin gilashi?"

"To fa!"

Rufi ya buɗe, iska ta yi awon gaba da hularsa.

"In ɗumama kujera?"

"To, ikon Allah!"

"In yi maka tausa?"

"To wai me ke faruwa ne?"

Kujera ta ɗau zafi, ta kama bayan Maigida tana murzawa kamar mai cuɗa wanki. Nan na gane inda gizo ke saƙar. Motar ta tambaya ko ta kwantar da kujerar, ni kuma na yi saurin ceton rai.

"Ranka ya daɗe, don Allah ka daina cewa to!"

Kujera ta kwanta. Maigida ya miƙe samɓal yana kallon sama, takalmansa a kan allo.

"In ajiye kaina a gefe?" in ji muryar.

"Yaya, to ka yi shiru mana!" Auta ta daka mini tsawa.

Sitiyari ya ƙwace daga hannuna. Kyanwa ta juya da baya, ta lallaɓa tsakanin kwandon shara da babur ɗin maigadi, ta tsaya cak ba ta taɓa ko ɗaya ba. Mu uku muka toshe bakinmu. Ba ka jin komai sai kujera tana ta aikinta. Na leƙa madubi na ga hawaye a idon Auta, raina ya ɓaci, har na fara shirya maganar da zan gasa wa mutumin nan in ya ci mata fuska.

"Wa ya koya mata wannan?" Maigida ya tambaya daga kwance.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"'Yar nan, tun da na kafa kamfanin nan nake cewa to, ba wanda ya taɓa motsawa. Kun kawo zane na yarda. Kun ce a ƙera na yarda. Sai ku sunkuyar da kai ku fita, in yi ta jira shiru. Na ɗauka kun raina ni ne, shi ya sa na ce a rufe. Yau ga wadda na faɗa wa sau ɗaya ta yi."

Na dubi Auta, ta dube ni. Ashe duk zaman nan da muka yi, amsa muke jira alhali tana aljihunmu.

Auta ta share ido. "Ranka ya daɗe, a ƙera ta?"

Ya buɗe baki, ya harari allon, ya rufe. Sannan ya faɗa dalla-dalla, kamar mai koyon yare.

"E. A ƙera ta. A kuma nemo mini hulata."

"In buɗe but ɗin kaya?" in ji motar.

Auta ba ta ma ji ba. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, irin wadda ta daɗe tana riƙe da ita, ta ce, "To, alhamdu lillahi."

But ya buɗe.