Gajeriyar Maganar Inna

Malama Murjanatu na koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata da ke Jega. Ranar Talata da hantsi ta rubuta kalmar pithy a allo, ta ce wa 'yan ajin ana nufin magana gajeriya mai nauyi, wadda aka ɓare mata ɓawo, sai tsoka zalla. Wata ɗaliba mai suna Ihsan ta ɗaga hannu.

"Malama, mutum ake ce wa haka, ko magana?"

"Magana. Amma akwai mutanen da duk zancensu haka yake."

Nan take Murjanatu ta ji mahaifiyarta ta faɗo mata a rai. Inna Rabi na can Karaye ta wajen Maiyama, tsohuwa ce da ba ta jan zance. Shekarar da ɗan farin Murjanatu ya rasu, mata sun cika mata ɗaki da doguwar nasiha. Inna kuwa zama ta yi kusa da ita, ta ce, "Yi kukanki, ɗiyata. Ina nan." Murjanatu ta daɗe tana ganin rowar baki ce. Sai daga baya ta lura duk nasihar nan ta bi iska, wannan kaɗai ta zauna mata.

Ta ƙudura in an yi hutu za ta gaya wa Inna cewa har Turawa sun raɗa wa irin maganarta suna. Tana cikin murmushin wannan tunani sai ga yayanta Lawali a bakin taga, da lakar fadama a ƙafarsa. Ta fita da alli a hannu.

"Yaya, lahiya?"

"Na yi ta kira, wayarki a kashe. Ɗauko mayafinki."

"Jikin Inna ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta cika da asuba. Ke ake jira."

Ba ta iya komawa ta sallami ajin ba. Ta hau bayan babur ɗinsa suka kama hanyar Maiyama, motocin albasa daga Aliero na wuce su. 

Sun tarar an yi wa Inna wanka. Matar Lawali ta ɗage zanen daga fuskar. Murjanatu ta durƙusa ta riƙe hannun Inna mai sanyi, tana ta yi mata addu'a, har maza suka yi sallama a ƙofa da makara.