Sabuwar Gangar Jatau

Tun da sojoji suka rushe unguwarsu suka zube su a Dar Salam, can bayan Omdurman inda ko famfo ɗaya ba a ja ba, Jatau ya koma sayar da ruwa a amalanken jaki. Ranar da 'yan kame suka ƙwace gangarsa, ya sayo wata a hannun 'yan gwangwan, da araha. Araha kuwa ba ta ado. Gangar nan maganin ƙwarin auduga aka taɓa zubawa a cikinta.

Za ka ce bai ji wari ba? Ina zai ji! Mutumin da ya tashi a gonakin Jazira, yana tsinkar auduga jirgin feshi na wucewa ta kansa, ai wannan wari a hancinsa warin gida ne. Ya ɗauraye ta sama-sama, ya cika a rijiyar burtsatse.

Ya tsiyaya wa jakinsa a kwano. Jakin da ya wuni a rana ya shinshina, ya kau da kai.

"Kai ka sani, ɗan nema," in ji Jatau. "Yau kuma sarauta kake ji?"

Ya fara da gidan 'yarsa Basma, mai jego, wadda randarta ta ƙafe tun jiya har nononta ya fara ɗaukewa. Ya cika mata randa fal, ya leƙa jikansa, ya wuce da farin ciki.

A gida matarsa Fatna ta tara bokiti. Ruwan da ya zube ƙasa, kaji suka yi caa a kai. Bai gama kwance jakin ba sai kaza ɗaya ta fara juyi, ta kife tana shure-shure. Sai ta biyu.

"Innalillahi!" in ji Fatna. "Malam, wa ka ba ruwan nan?"

Ya saki igiyar jakin. Tsoron da bai taɓa ji ba ya kama shi. Ya fita da gudu, tsoho da shi, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya tarar da Basma zaune a inuwa, jaririn a kafaɗarta, tana murmushi.

"Ya Baba, lafiya? Allah ya saka maka da alheri. Moɗa uku na sha a tsaye, wallahi. Har nono ya dawo. Yi a hankali, yanzun nan ya ƙoshi ya yi barci."