Jatan Landen da Baba Ɗaso Ya Haƙo

Hajara mai sayar da waina a unguwar Nakkasa ta Makka ba ta son baƙon da ke mayar mata da kwano cike. Baba Ɗaso kuwa, tsohon da mijinta ya saukar a zaure, tun isowarsa yake yi mata haka. Ya ratso Cadi da Sudan da ƙafa don ya sauke farali, ga Arfa ta matso, amma ya ce shi hajjinsa ya riga ya lalace.

Sai da ta tsare shi da tambaya ya faɗa. Kwale-kwalen da ya ƙetaro da su ya zubar da su a wata gaɓar teku kudu da Jidda, suna cikin harami, yunwa kamar ta kashe su. Ya ga ramuka a laka, ya sa hannu ya zaƙulo jatan lande, ya gasa. Yana ci ya lura kowace na ɗauke da ƙwai jingim a ƙarƙashin cikinta. A garinsu duk abin da ke haƙa rami naman daji ne, kamar gafiya. Ya yi farauta da harami ke nan, kuma wa zai iya fansar rayuka masu yawan gero?

Dariya ta taso wa Hajara, amma da ta dubi idonsa sai tausayi ya kama ta. A Sawakin ta girma, a bakin tekun Sudan, ta sha tonon ramukan nan tana yarinya. Ta ce masa uwar tana zama ne a ramin tana yi wa ƙwan fifita da ƙananan ƙafafunta, don ruwa ya riƙa ratsa su. In ruwan ramin ya ƙafe, mutuwa take. Ranar ƙyanƙyasa kuma, igiyar ruwa ce ke kwashe 'ya'yan zuwa tsakiyar teku.

“Baba, gafiya ta taɓa haihuwa a teku? Je Harami ka tambayi malamai, amma ka faɗa musu yadda na faɗa maka. Naman ruwa halal ne ga mai harami.”

Bayan la'asar ya dawo, ya daɗe a tsaye bakin zaure, hawaye na bin gemunsa.

“'Yar nan,” ya ce, “ara mini sabulu. Har yanzu da laka a haramina, kuma da shi zan hau Arfa.”