Ƙurar Rigar Aiki

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin Inna ya duba, sannan ya tambaye ta a wace masana'anta ta yi aiki.

"Aure," in ji ta. "Shi kaɗai na yi, kuma ba a ba da hutu."

Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Zarto, ya tuntsire da dariya. Tun yana saurayi yake yankan farin allon silin na asbestos, kullum ya dawo gida kamar an tsoma shi a gari. Da likita ya tambayi wa ke wanke masa kayan aiki, sai dariyar ta tsaya. Likita ya ce ƙurar ce ta biyo riga, Inna ta kakkaɓe ta shaƙa, huhunta ya ƙandare. Ba ya warkewa. Abin da ya rage shi ne kada wani ya ƙara shaƙa: a daina kakkaɓa, a jiƙa kayan, don jiƙaƙƙiyar ƙura ba ta tashi.

Washegari da yamma Inna na zaune tsakar gida tana jan numfashi kamar tsohon famfo, sai ga Mai Zarto da autansu sun dawo daga aiki. Auta ya tuɓe riga ya miƙa wa matarsa. Ita kuwa, da jaririya goye a baya, ta ɗaga za ta kakkaɓe yadda Inna da kanta ta koya mata.

"Ajiye!" in ji Inna. "Jikata kuke so ku ba wa gadon tun ban mutu ba? Daga yau ku wanke abinku a can."

"Ke, ni na yanka, ni na shaƙa, ga ni garau," in ji Mai Zarto.

"Kai ai ko ciwo bai ga abin ɗauka a jikinka ba, Malam."

"Inna, in na yi wanki a wurin aiki, mijin-ta-ce za a kira ni," in ji Auta.

Namiji ya gwammace a ce ya kashe gidansa da a ce an gan shi da sabulu. Wannan ba jarumta ba ce, wauta ce mai gemu.

Da gari ya waye suka fita, Inna ta sa aka cika bokiti biyu aka ajiye bakin ƙofa. Ta zauna gadi. Da yamma da ta ji muryarsu, ta yunƙura ta kama bokiti, amma numfashi ya ƙi. Ta koma ta zauna daɓas.

"'Yar nan," ta ce wa surukarta, "ɗauki."

"Inna, Baba ne fa a gaba!"

"Na san shi. Ni na aure shi."

Matar da ko ido ba ta haɗawa da uban mijinta ta tsaya tana kallon bokitin. Jaririyar ta yi atishawa a bayanta. Sai ta ɗauki bokitin, ta durƙusa har ƙasa gaban Mai Zarto.

"Baba, sannu da dawowa. A yi haƙuri."

Ta miƙe ta sheƙa masa bokitin daga hula har takalmi.

Mai Zarto ya tsaya baki buɗe, farin ruwa na tsiyaya daga gemunsa. Maƙwabta suka leƙo. Ya ɗaga yatsa zai yi faɗa, sai ya ji Inna na dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi ƙarewa. Ya tsaya yana sauraro har ya lafa. Ya sauke yatsan.

Ya juya ga Auta, wanda ke ja da baya. "Kai, ina za ka? Uban naka aka yi wa, kai wane ne?" Ya ɗauki bokiti na biyu ya juye masa da hannunsa.

"Miƙo sabulu," ya ce wa surukar. "Kuma ki matsa da yarinyar nan can."