Fulawar Kansila Musbahu

Shekarar da soja suka koma bariki, unguwar su Isyaku a Koki ta samu sabon kansila, kuma kansilan ƙaninsa ne Musbahu, uwa ɗaya uba ɗaya. Isyaku tela ne, a zauren gidansu yake ɗinki tun Musbahu bai iya ɗaure tazugen wandonsa ba. Shi ya bi gida-gida lokacin kamfe yana roƙon dattawa su dubi zumuncin mahaifinsu marigayi su zaɓi yaron. Don haka ranar da ya ji an fara ce wa Musbahu Onarabul, shi kuma yana amsawa da ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, sai ya ci gaba da taka keken ɗinkinsa.

Maganar fulawa ta samo asali ne daga wata walima da aka yi a gidan ciyaman, can Nasarawa. Musbahu ya dawo bai kawo labarin abinci ba, bai kawo na manyan da ya gaisa da su ba, sai na fulawa.

"Yaya, da ka ga katangar gidan nan. Fure ya lulluɓe ta, ja da fari, ko bulo ɗaya ba ka gani. Wannan ita ce wayewa. Mu kuwa ƙofar gidanmu sai dakali da tsofaffi suna tofar da goro."

Isyaku ya ce, "Tsofaffin nan dai su suka zaɓe ka."

"Sun zaɓe ni ne in kawo musu ci gaba."

Dakalin da yake magana mahaifinsu ne ya gina shi. Wanda ya fi kowa zama a kai shi ne Baba Ɗalha, tsohon baduku, aminin mahaifin nasu, wanda gidansa ke can ƙuryar lungun. Ciwon ƙafa ya riga ya ci ƙarfinsa, in ya dogara sandarsa ya iso dakalin nan to ya kai ƙarshen tafiyarsa ta ranar. Nan yake jin wanda ya haihu da wanda ya dawo daga Makka, nan yake amsa gaisuwar masu wucewa har a kira la'asar.

Wata safiya leburori suka zo da diga suka rushe dakalin. A gurbinsa aka ja bulo, aka cika da baƙar ƙasa da taki. Sai ga wani Sabo, mai sayar da fulawa a bakin titin Nasarawa, yana turo baro cike da tsirrai cikin baƙaƙen ledoji, yana ta zuba wa Musbahu kirari. Akwai mai ƙaya mai hawa bango, boganbiliya aka ce sunanta. Akwai wata ƙaramar bishiya mai kaurin reshe, ba ganye sai a ƙarshen yatsu, wai firanjifani. Akwai kuma habiskos, wadda Isyaku ya duba sama da ƙasa ya ga ba komai ba ce illa yakuwa da ta yi boko. Musbahu ya haddace sunayen nan kamar karatun allo. Duk wanda ya zo masa da kukan kwata ta toshe ko rufin makaranta ya yaye, sai ya sha bayanin boganbiliya a tsaye kafin a ce masa ya dawo jibi.

Famfon unguwar ya daɗe da bushewa, rijiyar burtsatsen da aka yi alkawari kuwa tana nan a bakin Musbahu. Amma safe da yamma 'yan garuwa na sauke ruwa a gindin fulawa, matan gidan suna kallo ta zaure da igiyar guga a hannu. Da awakin unguwa suka gano habiskos, suka yi mata aski a yini guda, sai Onarabul ya sa aka kafa ƙarafa aka ja ragar waya. Lungun da ma ba faɗi gare shi ba, ga kwata a ɗaya gefen. Yanzu mai ƙiba sai ya karkace, mai keke sai ya sauka. Boganbiliya kuma da ta ji ruwa ta turo rassa ta cikin ragar, tana fizgar mayafin mata da hular maza.

Har bikin buɗewa aka yi. Mataimakin ciyaman ya zo, aka ɗaura ƙyalle aka yanka, aka kafa allo mai cewa Shirin Ƙawata Birni. Aka aika aka tallabo Baba Ɗalha, aka zaunar da shi a kujerar roba gaban fulawa don a ga dattawa na goyon baya. Mai hoto na gama ɗauka aka ce tsoho ya ɗan tashi, kujerar ta haya ce.

Abin da ya fi ci wa Isyaku rai shi ne fulawar ta yi kyau. Ba yadda za a yi ya musa. Boganbiliya ta haye tsohuwar katangar ƙasa ta yi ja wur, firanjifani kuma ta fitar da farin fure mai ruwan ɗorawa a tsakiya, ƙamshinsa na shigowa zaure da sassafe. Wani lokaci sai ya kama kansa ya tsai da keke yana kallo, ya yi tsaki ya koma kan ɗinkinsa.

Baba Ɗalha bai ƙara fitowa ba. Isyaku kan leƙa shi ran Juma'a ya same shi kwance a soro, yana tambayar mutanen da a da yake gani kullum. Bai taɓa ambaton dakalin ba. Sau ɗaya ne kawai ya ce, "An ce abin yaron nan ya yi fure." Isyaku ya ce ya yi. Tsohon ya ce, "To madalla."

Cikin damina ya rasu, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Musbahu na Kaduna wajen wani taron bita na kansiloli. Aka yi wa mamaci sutura, aka sa shi a makara aka rufa masa ƙyalle, aka ɗauko don a kai shi bakin masallaci a sallace shi. Hanya ɗaya ce, ta ƙofar gidan su Isyaku. Da aka iso wurin ragar, makara ta ƙi wucewa. Aka ja baya, aka karkata ta kaɗan. Na gefen dama ya taka bakin kwata, santsi ya kwashe shi har gwiwa, gawar ta goce sai da wasu suka tare da ƙirji. Aka ce a ɗaga sama. Ana ɗagawa rassan boganbiliya suka kama ƙyallen, suka janye shi har farin likkafani ya bayyana, jan fure na zubowa a kai.

Liman na ta salati ƙasa-ƙasa. Isyaku ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, don duk idanun da suka ƙi kallonsa ya san shi suke kallo. Ya shiga zaure ya ɗauko babban almakashinsa, ya datse rassan ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na yagar masa hannu, ya mayar da ƙyallen ya rufe tsohon. Sannan ya kama ƙarfen farko na ragar ya jijjiga. Ƙasa ta sha ruwa, bai yi gardama ba. Samari suka kama sauran. Masu makara suka hau kan ginin bulon suka bi ta tsakiyar fulawa, jama'ar da ke biye ma duk ta nan suka bi.

Washegari Musbahu ya dawo, da sabuwar jakar taro a hamata. Bai wuce gidan makoki ba, a ƙofar gida ya ci burki, yana duban habiskos da aka tattake cikin laka.

"Yaya, wa ya yi wannan aikin?"

Isyaku ya ce, "Baba Ɗalha ne ya wuce."

"Allah ya ji ƙansa. Amma ai da an bi a hankali. Wannan fa dukiyar gwamnati ce, ga allo nan. Zan iya kai maganar gaba."

"Kai ta. In sun tambayi wanda ya fara, ka ce yayanka ne."

Musbahu ya dubi hannun Isyaku da ke naɗe da tsumma, ya kau da kai. Ya shiga lungun ya yi ta'aziyya. Aka amsa masa da "Mun gode, Onarabul," amma tabarmar nan duk faɗinta ba wanda ya matsa masa. Ya yi addu'arsa a tsugune ya fito.

Bai kai magana ko'ina ba. Abin da ya yi shi ne ya fara cewa mutanen cikin gari ba su shirya wa dimokuraɗiyya ba. Kafin wata damina ya gama gida a bayan ganuwa ya kwashe iyalinsa, ya sa Sabo ya tono firanjifani da saiwarta aka tafi da ita. Sauran kuwa awaki suka gama da su.

Isyaku ya je sabon gidan ranar sunan ɗan Musbahu. Filin ciki ya isa ya ɗauki duk wanda ya zo, amma ciyawa ce da fulawa, don haka aka shimfiɗa wa baƙi tabarmi a waje bakin titi, cikin rana. Shi kaɗai aka shigar, a matsayinsa na wa. Musbahu ya zaga da shi yana kiran sunayen tsirrai, sababbi da Isyaku bai taɓa ji ba, har suka iso wurin wani dattijo da ke riƙe da tiyo yana ban ruwa.

"Yaya, dama ina son ganinka. Ka ɗinka wa mutumin nan yunifom, kore, har da hula. Na ga haka ake yi a gidan ciyaman."

Isyaku ya gaida dattijon, ya tambaye shi aiki. Sannan ya ce wa Musbahu, "Turo shi zaure in gwada shi." Ya yi wa jariri addu'a daga bakin ƙofa, ya sa takalmansa, ya fita neman motar da za ta mai da shi cikin gari tun ba a raba nama ba.